Golf 4 tana kuka da sanyin safiya, fitilar inji ta ƙi mutuwa

Ɗan Burja:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan motocin Jamus, kafin in zuba kuɗi inda bai kamata ba.

Motata Golf 4 ce, ƙirar 2001, inji 2.0 mai shan isansi, giyar hannu. Da ita nake ɗaukar kayan shago tsakanin babbar kasuwa da Ɗan Isa, wani lokaci in leƙa Tibiri. Tun da hunturu ya kankama ta ɗauko wani sabon hali. Da asuba in na ba ta wuta, sai wani kuka mai tsini ya taso daga gaban inji, wiiii, har maƙwabcina ya taɓa leƙowa ta katanga yana tambaya ko lafiya. Kukan yakan yi minti ɗaya da rabi haka, sai ya yanke ɗif don kansa. In ta yi zafi na kashe na sake tayarwa, ko dai ba na jin komai, ko kuma ya ɗan yi kaɗan ya daina. Ana cikin haka sai fitilar nan ruwan ɗorawa mai hoton inji ta kama a tablo.

Ƙarfinta bai ragu ba, ba ta tari, ba ta zafi. Mai ne dai nake ganin kamar ta ƙara sha, don abin da nake zubawa in je Ɗan Isa in dawo da saura, yanzu da kyar yake kawo ni gida.

Na kai ta wani garaji aka sa mata baliz, na'urar da ke karanta matsalar mota. Ya fitar da P0411, da wata lamba 16795 kusa da ita. Yaron da ke riƙe da na'urar ya goge, fitila ta mutu, na biya na tafi ina murna. Ba a je ko'ina ba ta dawo. Da na koma, maigidan garajin ko kapo bai buɗe ba ya ce famfon iska ne ya lalace, zai samo mini na kas, wato wanda aka ciro daga wata tsohuwar mota, a kan jika saba'in, kuma in ya ƙi aiki babu mayarwa.

To ni dai na san famfon mai, na san na ruwa. Famfon iska kuma na mene ne a cikin inji? In na bar shi haka zai ci mini injin? In kuma sayen ne ya zama dole, ta yaya zan tabbatar shi ne mai laifin? Allah ya ba da ladan taimako.

Direban Jibiya:

Wa alaikumus salam. Alhaji, kar ka ba kowa ko dala. Wanga famfo ba shi tuƙa mota, ba shi sanyaya inji, ba shi ƙara mata gudu. Turawa sunka sa shi saboda dokar hayaƙin ƙasarsu, mu nan wa ya taɓa tsai da kai shi kai hanci bakin salansa? Golf nawa munka tsufar bisa hanyar Jibiya da fitilar nan a kunne, kuma ko sau ɗaya ba ta kwana da mu a daji ba saboda ita.

Ka sa hannu ka zare wayar famfon, kuka ya ƙare. Fitila kuwa ka yanko baƙin salatif ka manna mata, ido ya huta. Jika saba'in ka sai ma iyali hatsi da su, ko ka canja tayun gaba in sun ci.

Baba Mai Lantarki:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kar ka sayi famfon tukuna, kuma kar ka manna salatif tukuna. Bari in faɗa maka abin da ke cikin motarka, sannan ka yanke da kanka.

Inji in ya kwana ya huce, mai ba ya ƙonewa da kyau a cikinsa. Saboda haka ƙwaƙwalwar mota takan ƙara masa mai fiye da ƙima a mintin farko don ya tashi ya tsaya. Wani ɓangare na man nan yana fita ta salansa ɗanye, tare da iskar guba da ake kira kabon monokisaid. Katalizer da ke cikin salansa shi ne ya kamata ya ƙone su, amma shi ma ba ya fara aiki sai zafinsa ya kai wajen digiri 300. To a nan famfon naka yake shigowa. Ka taɓa tsayawa a maƙera ka ga yaro yana zuga? Gawayi na nan, wuta na nan, amma sai an hura iska take ruruwa. Famfon yana tura sabuwar iska daidai inda hayaƙi ke fita daga kan inji, ɗanyen man ya kama wuta a cikin bututu, zafin ya gasa katalizer da wuri. Da ya gama sai ƙwaƙwalwa ta kashe shi, ba zai sake dogon aiki ba sai injin ya sake hucewa. Masu Golf ta gazuwal kar su je suna nemansa, babu shi a tasu.

Dabarar tsohuwa ce, tun 1966 ake sa ta a motocin jihar Kalifoniya ta Amurka, lokacin da bel ake juya famfon. A Turai ta yawaita ne da dokar Euro 3 ta shekarar 2000, wadda ta sa a fara auna hayaƙi daga lokacin da aka murɗa makulli, maimakon a bar inji ya yi daƙiƙa 40 yana ɗumama kamar yadda ake yi a da. Motarka ƴar wannan zamanin ce.

Me ya sa sai yanzu ka fara jin sa? A wannan injin, famfon yana yin aikinsa na kimanin daƙiƙa 100 ne idan ruwan inji yana tsakanin digiri 5 da 33 lokacin da aka tayar. Ka tuna bazarar Maraɗi, a Afrilu da Mayu, motar da aka kashe takan daɗe ruwanta bai sauko ƙasa da digiri 33 ba, balle da rana. Sai famfon ya riƙa samun hutu, ko da ciwo a jikinsa ba lalle a lura ba. Disamba na shigowa, safiya ta yi sanyi, sai ya fara cikakken aiki kullum, asiri ya tonu. Duk shekara haka muke gani, motocin P0411 da hunturu suke cika mana garaji.

Ita lambar P0411, da 16795 da ke kusa da ita, magana ɗaya suke faɗa: ƙwaƙwalwa ta kunna famfo, ta jira sondar da ke gaban katalizer, wato ma'aunin iskar da ke cikin salansa, ta gaya mata iska ta ƙaru a cikin hayaƙi, sonda ta yi shiru. Baliz bai ce famfo ya mutu ba. Cewa ya yi iska ba ta isa ba. Tsakanin famfon da sondar akwai abubuwa da yawa da za su iya tare ta. Kuma tunda kana jin kukansa kowace safiya yana farawa yana tsayawa a kan lokaci, fizibil ɗinsa na ampiya 50 da ke akwatin bisa batir lafiya lau yake, rele, wato makunnin da ke ba shi wuta, ma haka. Da su ne, da shiru za ka ji, kuma da wata lamba za ta iya fitowa, kamar P0418.

Ga abin da za ka yi, kuma dole da sassafe kafin a taɓa makulli, don in injin ya yi zafi ka rasa damar ranar. Ka buɗe kapo, ka sa wani ya tayar, kai kuma ka bi manyan tiyo biyu na roba mai tauri da tafin hannunka. Ɗaya daga akwatin filtar iska yake zuwa famfo, ɗayan daga famfo yake tafiya bawul ɗin da ke jikin kan inji. Roba ce mai ƙwarya-ƙwarya, zafi da shekaru kan busar da ita ta tsage, kuma yawanci daga ƙasa take tsagewa inda ido ba ya kai. In ka ji iska na busa maka hannu, ka samu ɓarawo ɗaya. Ka shafa jikin famfon shi ma. Ɓari biyu ne aka haɗe da ƙusoshin alminiyam, in sun tsufa suna saki, bakin ya buɗe, iska ta riƙa tsiyaya ta gefe. Wannan shi ke kawo kuka mai tsini irin wanda ka kwatanta.

Washegari, kafin a tayar, ka cire tiyon da ke fita daga famfo ka leƙa cikinsa. Ya kamata ya zama busasshe mai tsabta, don iska mai kyau kawai ke bi ta nan. In ka ga baƙin toka, ko ruwa ya zubo, to bawul ne ba ya rufewa. A nan nake so ka natsu. Bawul ɗin nan ƙofa ce mai barin iska ta shiga amma ta hana hayaƙi dawowa. Kowace litar isansi da ka ƙona tana haifar da ruwa kusan lita guda, a matsayin tururi cikin hayaƙi. In ƙofar ta ƙi rufewa, tururin yakan komo ta tiyo ya huce ya zama ruwa mai tsami, ya taru a gindin famfo, ya ci rulma, wato boris ɗin da fankar famfon ke juyawa a kai, da tsatsa. Shi ya sa nake jin haushin masu cewa "kawo kuɗi in sa maka wani" ba tare da sun duba bawul ba. Ka sa sabon famfo a bayan ruɓaɓɓen bawul, shi ma hanyar da na farko ya bi zai bi.

Kuma maganar shan mai da ka yi, ita ce ta fi sa ni zargin bawul ɗin. In yana a buɗe, salansa takan riƙa tsotsar iska ta nan kana cikin tafiya, sonda ta ga iska ta yi yawa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka mai ne ya yi kaɗan, ta ƙara. Kai kuma kana biya a bakin hanya.

Gwada bawul ba wuya. A cire shi, ka hura da baki ta wajen tiyo: bai kamata ta wuce ba. A bisa kansa akwai ɗan hanci da siririn tiyo ke shiga, ka sa babbar sirinji ka zuƙe, ka sake hurawa: yanzu ya kamata ta wuce. Ka saki, ya rufe ƙam. Shi siririn tiyon ma ka bi shi har zuwa ƙaramin bawul na lantarki da ke ba shi umurni, wanda littafinsu ke kira N112. Sau tari tiyon dala ashirin ne ya fashe, aka sa mutum sayen famfo. Sannan tunda bawul na hannunka, a tayar da inji na ɗan lokaci kaɗan. Ramin da ka cire shi ya kamata ya riƙa tofar da hayaƙi fat-fat-fat da ƙarfi. In ya yi laƙwas, baƙin kunkunniya ya toshe hanyar cikin kan inji, sai an sa waya da man wanki an buɗe.

Tambaya ɗaya: da damina ka shiga ruwa da ita?

Ɗan Burja:

Baba, Allah ya ƙara girma, ya albarkaci zuriya. Wallahi na shiga. Cikin watan Agusta a hanyar Madarunfa, ruwa ya yanke wani kwari, manyan motoci na wucewa na bi bayansu, ya kai mini har gindin ƙofa. Amma ba ta mutu ba, kuma ba ta nuna komai ba daga baya.

Wani abu kuma, yaron garajin ya ce in ana so a san gaskiyar famfo sai a haɗa shi kai tsaye da batir. Haka ne? Kuma wani abokina ya ce motocin da ke zuwa mana yawancinsu an riga an kwashe katalizer ɗinsu tun a tashar jirgin ruwa. In tawa babu shi, wahalar me nake yi?

Baba Mai Lantarki:

Amin, ɗana. In tiyon shiga ya riga ya tsage, to ranar nan famfon ya sha ruwan kwari da yashinsa.

Haɗawa da batir gaskiya ne, amma naka ba ya bukata, tunda yana juyawa. Wanda nasa ya yi shiru shi zai yi. Kuma a yi da waya mai kauri da fizibil a tsakani, daƙiƙa kaɗan kawai, don yana jan ampiya 30 zuwa sama lokacin tashi, siririyar waya narkewa za ta yi a hannunka. In fizibil ya ƙone kuma kar a ɗaura masa zaren waya kamar yadda yaranmu suka saba. Fizibil ba ya ƙonewa don nishaɗi, famfon da ya cije ne ya ƙone shi. Ka ɗaure shi da waya, abin da zai ƙone na gaba shi ne akwatin bisa batir, in an yi rashin sa'a har da motar.

Maganar abokinka tana da ƙamshin gaskiya. A cikin katalizer akwai ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa ake fasa shi a kwashe a mayar da gwangwanin. Ka bar ta ta huce, ka shiga ƙarƙashi ka ƙwanƙwasa tulun da ke bayan sonda ta farko. Wanda aka kwashe yana amsawa fayau, kuma sau da yawa za ka ga tabon walda a jikinsa. Amma da an kwashe naka, ina sa ran baliz ya nuna P0420 tare da waccan, kai kuma lamba ɗaya ka ce ka gani. In har babu shi, zan faɗa maka gaskiya, rabin amfanin famfon ya tafi. Sai dai ko a hakan bawul ɗin dole a rufe bakinsa, ko a gyara ko a toshe da farantin ƙarfe da juwan. Zare waya kawai a bar ƙofa a buɗe, wannan ba gyara ba ne.

Direban Faroje:

Salamu alaikum. Baba ya gama magana a kan Golf, ni ƙarin bayani ne ga masu karantawa da ke tuƙa manya, kar su ɗauki shawarar salatif su kai kansu.

A manyan V8 na isansi da ake kawowa daga Amurka, irin su Tundra da Sequoia, da Land Cruiser mai irin injinsu, lissafin daban ne. Su ba sonda kaɗai suke saurare ba, akwai ma'aunin matsin iska a jikin bawul ɗin. In ƙwaƙwalwa ta gane bawul ya maƙale a buɗe, lambobin P2440 ko P2442 ke nan, sai ta rage wa inji ƙarfi da gangan don kar hayaƙi mai zafi ya komo ya narkar da kaya. Na gani da idona a hanyar Dakoro. Mota mai silinda takwas, ka taka totur har ƙasa tana jan jiki, tablo ya cika da fitilu, masu a-kori-kura suna wuce mu suna ɗaga hannu. Mun tsaya mun cire kan batir mun mayar, ta sake mu muka ƙarasa. Da gari ya waye aka tayar da ita a sanyi, ta sake gwada kanta, ta sake kamewa.

Aikin nasu ma ba irin na Golf ba ne da za ka miƙa hannu ka taɓa. A injin 4.7 na 2005 zuwa sama famfon yana ƙarƙashin bututun shigar iska, a tsakiyar inji, sai an kwance saman duka. A 5.7 kuwa famfo biyu ne, a ɓoye cikin kumatun gaba na dama, bayan taya, wurin da ruwa da laka ke fantsama. Duk wanda ke da irinsu, in damina ta wuce ya sa a duba masa bakin da suke shaƙar iska.

Mercedes masu V6, irin ML320 da C240, su kuma ba sa kamewa, P0410 kawai suke nunawa. Amma rele ɗinsu kan manne, famfo ya yi ta juyawa ko an zare makulli, har ya ƙone ko ya shanye batir. In ka kashe mota kana jin abu na huci a gaba, kar ka shiga gida ka kwanta, ka zare fizibil ɗinsa tukuna.

Direban Jibiya:

To ai ni Golf anka tambaya, ba motar faroje ba. Baba ma da bakinshi ya ce in babu katalizer rabin amfani ya tahi. Ni dai na yarda da batun toshe bawul, wannan ban san shi ba, don akwai wadda muka yi ta canja ma buji saboda shan mai ba mu gane ba. Amma hayaƙin minti guda da rabi, shi ne za ya ɓata iskar Maraɗi? Ku je tasha da sahe ku ga abin da manyan motoci da kabu-kabu ke tuƙewa.

Maman Hadiza:

Malam direba, iskar Maraɗi mai faɗi ce, amma iskar zaure ba ta da faɗi. Ni aikin jinya nake yi, mota kuwa tuƙawa kawai na iya. Abin da nake gani a unguwarmu shi ne, da hunturu maigida zai tayar da mota a cikin rumfa ko garejin gida, ƙofa a rufe saboda sanyi da ƙura, ya ce tana ɗumama, ya koma ciki shan kunu. Yara kuma suna nan gefenta da jakunkunan lakkwal suna jira, wani ma ya shiga ciki ya zauna. Daidai mintin da Baba ya ce ta fi fitar da guba ke nan. Kabon monokisaid ba shi da wari ba shi da launi, kuma yana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau 200 da ɗoriya. Farkonsa ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai a ce ai sanyi ne ya kama yaro. Da famfo ko babu famfo, don Allah a buɗe ƙofa kafin a murɗa makulli, a fitar da ita waje ta ɗumama can.

Shi kuma salatif, in ka rufe fitilar yau saboda famfo, gobe in wata cuta ta zo da me za ta gaya maka? Fitila ɗaya ce gare ta.

Ɗan Burja:

Jama'a na dawo da labari. Na bi maganar Baba daki-daki, ni da ƙanena da fitilar waya, bayan sallar asuba.

Tiyon da ke tafiya bawul lafiyarsa lau. Na shiga ne ya tsage daga ƙasa, tsagar ta kai tsawon ɗan yatsa, bakinta duk jar ƙasa. Jikin famfon kuma yana hura mini hannu ta gefe, da na haska sai na ga ƙusoshi uku sun saki, har ana ganin tsakanin ɓarin biyu. Da muka cire tiyon fita sai ga baƙin toka ya shafe mini yatsu, ƙanena ya karkata famfon bayan mun kwance shi, ruwa mai launin shayi ya zubo, ya kai rabin ƙaramin kofi, yana warin salansa.

Na kai wa wani mai gyara daban a Sabon Gari, na ce ga abin da nake so a yi, ina tsaye. Ya huda tsoffin ƙusoshin duka, ya buɗe. Cikin fankar akwai yashi da ya daskare. Ya wanke, muka shanya a rana, ya mayar ya ɗaure da ƙananan noti maimakon ƙusa. Bawul kuwa da na hura, iska ta wuce salin-alin ba tare da sirinji ba. Mun jiƙa shi da man wanki mun goge, baƙin ya fita, amma ya ƙi rufewa sosai, bakin ya riga ya cinye. Sai na sayi na kas jika goma sha biyu, kuma kafin in biya na gwada shi da sirinji a gaban mai kayan, yana ta kallona yana dariya. Na farko da ya miƙo ma ya faɗi gwajin, na biyu ne ya ci. Siririn tiyon ya bushe, yana taɓawa ya karye, muka sa sabo. Babban tiyon shiga ban samu ba a nan, mun naɗe tsagar da robar tayar keke da kolye biyu kafin in aika Ƙofar Ruwa a Kano a nemo. Ramin kan inji yana tofar da hayaƙi da ƙarfi, bai toshe ba. Katalizer kuma yana nan, ba tabon walda.

Duka da ladan aiki ban kai jika ashirin da biyar ba. Ban sa an goge lambar ba, na ce bari in ga ko za ta mutu don kanta, kuma ta mutu. Mai ma ya koma yadda na san shi.

Saura abu ɗaya, Baba. Kukan mai tsini ya tafi, amma yanzu idan famfon zai tsaya ina jin wani gurrr a ƙarshe, kamar abu na gogar abu. In damu?

Baba Mai Lantarki:

Madalla, ɗana, aiki ya yi kyau. Da ka bar fitilar ta mutu don kanta ka yi daidai, don ƙwaƙwalwa ba ta kashe ta sai ta gwada tsarin sau uku a jere ta ga iska na isa. Wannan ya fi shaidar baliz.

Gurrr ɗin rulma ce, ruwan da ta kwanta a ciki ya riga ya taɓa ta. Za ta iya kai ka ƙarshen hunturu, za ta iya wuce haka, tunda bazara na zuwa famfon zai riƙa samun hutu. Ka ci gaba da amfani da shi, amma ka riƙa saurare. Ranar da ka ji ya tashi da nauyi, ko ka ji shiru gaba ɗaya da sanyin safiya, ka duba fizibil na bisa batir. In ya ƙone, famfon ya cije, ka zare wayarsa ka bar shi har ka samu wani, bawul ɗinka na rufe yanzu, babu abin da zai shiga.

Wanda za ka aika Kano ya ɗauki hoton lambar da ke jikin famfon da ta tiyon, don na 1.8 da na 2.0 suna kama amma bakin tiyonsu ba lalle ya zo ɗaya ba. In zai sayi famfon ma, ya girgiza shi kusa da kunne ya leƙa bakin fita: in da toka ko alamar tsatsa ya ajiye musu abinsu. Robar keken nan kuwa kar ta kai damina.